Ƙusa ɗaya tal da na kafa a dutsen Taghia

Shekaranjiya wani abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp, wasu samari ne sun hau Kufena da silifas suna ta ɗaukar hoto, sai ya rubuta a ƙasa wai "malam ga harkarka, yaushe zaka zo ka buɗe mana wajen hawan dutse irin na Turawa mu ma mu samu 'yan yawon buɗe ido". Nayi dariya na tura masa sitika. Amma wallahi maganar ta hana ni barci, dan ni na taɓa ganin inda ake wannan aikin da idona, har ma na sa hannu a ciki, in dai dakon kaya da kafa ƙusa guda ɗaya ana lissafa su a sa hannu. To bari in bada labarin kawai in huta.

Lokacin ina karatu a Beni Mellal ta ƙasar Maroko, hutu ya zo, kuɗin jirgi babu, kowa ya watse ya bar ni a ɗaki ina kallon silin. Abokin zamana ɗan yankin Azilal ne, yace tashi mu tafi wajen kawuna a Taghia ka sha iska. Nace wace tagiya kuma, ta sawa a ka? Sai da nayi masa bayanin cewa mu a wajenmu tagiya hula ce, yayi ta dariya, har yau in ya kira ni sai ya tambayi hular.

Muka shiga irin tasin nan tasu mai cin mutum 6 zuwa Azilal, daga nan kuma wata motar ta kwashe mu kusan kilomita 80 cikin tsaunukan Atlas, hanya ce mai lanƙwasa kamar hanjin akuya, ni dai ban buɗe ido sosai ba sai da muka sauka a Zawiyat Ahansal. Garin zawiyya ne kamar yadda sunan ya nuna, ana danganta kafuwarsa da wani waliyyi Sidi Sa'id Ahansal tun ƙarni na 13, kuma akwai wasu dogayen rumbuna na jar ƙasa masu hawa-hawa da in ka gansu sai ka tuna tsofaffin soraye na cikin birni. A nan mota ta ƙare a wancan lokacin. Kawu yana jiranmu da alfadarinsa, ya ɗora jakunkunanmu a mangala, muka bi bakin rafi a ƙafa sama da awa 2, ni ina haki kamar tsohon injin markaɗe shi kuwa dattijo ko a jikinsa.

Sai kawai kwazazzabon ya buɗe.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙauye ne ɗan ƙarami, gidajen dutse da ƙasa, 'yan gonakin sha'ir kamar tabarmi an shimfiɗa, yana wajen mita 1,900 sama da teku, sannan ta ko'ina an kewaye shi da katangun dutse ja-ja a tsaye cak, wasu sun kai mita 500 wasu har 800. Oujdad, Taoujdad, Timghazine, haka kawu yake nuna min su da sanda yana kiran sunansu kamar mai gabatar da 'ya'yansa. Ruwa kuma daga cikin dutsen yake ɓulɓulowa, sanyi ƙarara, shi ne mafarin kogin Ahansal da yake gangarawa har madatsar Bin el Ouidane. Da na ji yara suna cewa aman aman, wato ruwa, a bakin ruwan sai na tsaya, dan wannan kalmar na santa a bakin Buzayen unguwarmu, ashe harshen nasu na Amazigh dangin juna ne. Daga ranar na zama ɗan gida, wai na iya yare, alhali kalma ɗaya ce jarina.

Turawa sun daɗe da sanin wajen. Faransawa sun fara hawa tun shekarun 1970, amma abin bai tashi sosai ba sai bayan 2000, musamman da su Michel Piola da Arnaud Petit da Benoît Robert suka buɗe wata hanya mai mita 500 a jikin Taoujdad a 2003, hotuna suka bazu a mujallun masu wannan harka, sai ga mutane daga Sifen da Italiya da Poland da ko'ina. Har Alex Honnold, Ba'amurken nan mai hawa ba igiya, ya zo yayi atisaye a nan. To amma duwatsun suna da yawa, har lokacin da naje akwai bangarorin da ba wanda ya taɓa, kuma a gidan da muka sauka akwai baƙi da suka zo buɗe sabuwar hanya a wani kwazazzabo can ciki. Wata mata ce Bafaranshiya da zata yi shekara 50 da ɗoriya, siririya kamar karan dawa amma hannunta kamar na maƙeri, da abokin aikinta, da wani saurayi ɗan ƙauyen da yake musu jagora. Suna neman mai ɗaukar kaya, kawu ya dube ni yace ga ɗalibi nan ba abinda yake yi sai cin burodi.

In ance "hanya" a nan ba hanyar tafiya ake nufi ba fa. Layi ne da mutum zai zaɓa a jikin katangar dutse daga ƙasa har sama, a raba shi zango-zango, kowane zango kamar mita 30 zuwa 50 gwargwadon igiya, ana kafa ƙusoshin ƙarfe a tsakani. Ƙusar ba ta takawa bace, ba kuma a jan jiki da ita, da hannu da ƙafa ake hawa, aikinta kawai in ka zame igiyar da ka maƙala a jikinta ta tare ka. Sannan a ba kowane zango maki na wahala irin lissafin Faransawa, 5c, 6a, 6b har su 7c da 8a waɗanda sai dai ƙadangaru da waɗanda suka sayar da ransu.

Ni na ɗauka washegari da asuba za mu kama dutse. Ina! Kwana 2 muka yi ba a taɓa injin huda ba, shayi kawai ake sha. Aka zauna da dattawa a ɗakin baƙi, ana zuba shayin nan daga sama yana kumfa, ana magana da yare ana juyawa da Faransanci, abokina yana raɗa min. Ashe a gindin katangar da suke so akwai 'yar siririyar hanya da mata ke bi zuwa itace, yara kuma suna kora awaki ta nan, kuma duk mai buɗe sabuwar hanya dole ya ɓamɓare duwatsun da suke rawa ya jefo su ƙasa, wani kamar tulu wani kamar firji. Dattawan suna da tabo a zuci, wasu baƙi da suka zo a baya, ba sai na faɗi ƙasarsu ba, sun jefo dutse ya karya wa wata tsohuwa akuya, suka tattara suka tafi ko sannu babu. Wani tsoho mai rawani ya maimaita labarin akuyar nan ya fi sau huɗu, matar nan kuwa tana zaune ta naɗe ƙafa tana saurare kamar yau ta fara ji. A ƙarshe aka tsaya a kan ba za a jefo komai ba sai bayan awaki sun wuce da hantsi, kuma za a ɗauki yaro ɗaya a biya shi ya tsaya a bakin hanya yana tare mutane. Aka shafa fatiha.

Da daddare na ce mata, Madam kwana biyu fa sun tafi a banza. Ta kalle ni tace dutsen na waye? Nayi shiru. Ban sake cewa komai ba dan na gane inda ta dosa, kuma naji kunya, ni da na fito daga inda ko rumfar shayi zaka kafa sai ka gaida mai unguwa.

Aikin kansa kuwa, jama'a. Daga ƙasa suke buɗewa, wato ba zagayawa ake a sauko da igiya daga sama ba. Zata hau da hannu da ƙafa har inda taga ya kamata a sa ƙusa, sai ta ciro wata 'yar ƙugiya ta maƙala a wani ɗan tudu da bai fi farcen babban yatsa ba, ta saki nauyinta a kai a hankali, a hankali, tana rataye a sama da mu kamar jemage, sannan ta jawo injin huda mai batir da wata siririyar igiya. Kafin ta huda sai ta ƙwanƙwasa wajen da hama tana kasa kunne, daidai yadda iyayenmu mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya. In yace ƙal ƙal to lafiyayye ne, in yace bum bum akwai rami a ciki sai a matsa gaba. Ta huda rami mai faɗin milimita 10, ta zura wani ɗan tiyo ta hure ƙurar, ta goge da burushi, ta sake hurewa, ta buga ƙusar da ɗan farantinta mai kunne, ta ɗaure noti da sufana. In ana ɗaure notin ne gindin ƙusar yake buɗewa a ciki ya cije dutsen. Tace min mai kyau ana gwada ta a kan nauyin da ya kai wajen tan 2 da rabi, amma fa in an kafa ta daidai a dutse mai kyau, in ba haka ba ado ce kawai.

Kuma duk ƙarfen irin wanda ba ya tsatsa ne, kamar na cokalin silba, ƙusa da faranti dole su zama iri ɗaya dan in ka haɗa ƙarfe biyu mabambanta ɗaya yana cin ɗaya. Ta bani labarin tsibirin Kalymnos na Girka, inda wani ɗan Italiya Andrea Di Bari ya je hutu a 1996 ya ga duwatsu ya dawo da injin huda, yau hanyoyi dubbai ne a can kuma garin da sana'ar nutso neman soso ta ja baya ya farfaɗo da masu hawa, amma iskar gishirin teku ta ci ƙusoshin farko sai da aka bi ana canzawa. Wanda ya kafa ƙusa ya tafi gida, wanda zai rataya ransa a kanta bayan shekara 20 bai ma san sunansa ba. Kuma da kuɗin aljihunsu suke sayen kayan nan fa, ba mai biyansu ko sisi, abin da har yau in na gaya wa mutanenmu sai su ce to meye ribar.

Ni aikina jakar batir da ruwa da igiyoyi. Hanyar zuwa gindin katangar ita ce ta fi bani tsoro ma, dan akwai inda ƙasa take ƙarewa gaba ɗaya sai ka ga an soka itatuwa a tsagar dutse an jera faffaɗan duwatsu a kai an yi 'yar gada a jikin bango, ƙasa kuma rami ne da ba ka son leƙawa. Makiyayan wajen ne suka gina su tun kakanni, ba siminti ba ƙusa, kuma da silifas ɗin roba suke bi da ɗan akuya a kafaɗa. Shi yasa in naji ance wane ne ya "gano" Taghia sai abin ya bani dariya.

A rana ta biyar ne tace zo ka kafa ɗaya. Aka ɗaura min ɗamara a kugu da cinyoyi, aka kifa min hular kwano, aka ja ni kamar buhun gero har kan wani ɗan dandamali a ƙarshen zangon farko, mita 30 da wani abu. Faɗinsa bai wuce na sallaya ba. Ayatul Kursiyyu kam na karanta ta ba adadi, gwiwata tana kaɗawa kamar ta tela a kan keke. Ta nuna min wajen, na ƙwanƙwasa, yace ƙal. Injin nan da nake rainawa a jaka ashe in ka ɗaga shi sama da kafaɗa nauyinsa ninkuwa yake, ƙura fara ta cika min baki da hanci, na manta na sa baki kusa da ramin na hura ba tiyo, duk ta dawo min ido. Saurayin nan yana ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. Na buga, na ɗaure, ina ta ƙara murɗawa dan a ganina ƙarfi shi ne aminci, ta riƙe min hannu tace ya isa, in ka wuce ƙa'ida kai da kanka ka raunata ta. Sai ta cire igiyarta daga inda take ta maƙala a tawa ƙusar ta zauna a kai. Gabana ya faɗi. Ban taɓa jin nauyin amana irin na wannan minti ɗaya ba.

Zaman da nayi a gidan kawu ne ya nuna min ɗaya fuskar abin. Kuɗi suna shigowa ƙauyen, wannan ba musu. Masu gidajen saukar baƙi suna samu, masu alfadarai suna samu, matan da ke gasa burodi da dafa tajin, abincin nan nasu na tukunyar ƙasa, mai ɗan kanti, mai ƙwai. Amma na watanni ne, bazara kamar Afrilu zuwa Yuni sai kuma Satumba da Oktoba, da sanyi dusar ƙanƙara ce. Kuma ba kowa ke samu ba, wanda yake da ɗakuna da ɗan Faransanci a baki shi ke kwasa, maƙwabcinsa sai kallo, kuma kun san abinda hakan ke haifarwa a ƙaramin gari, ba sai na faɗa ba. Ga shara, robobin ruwa da gwangwanaye da matattun batira a wajen da ba motar kwasar shara, ga masu yin bayan gida kusa da ruwan da gari ke sha. Ga babbar matsala, in mutum ya faɗo ya karye a zango na goma wa zai sauko da shi, kuma a kai shi ina, babban asibiti sai Azilal. Saurayin jagoran nan shi abinda ke cin ransa daban ne, yace baya so ya tsufa yana dako Turawa suna sa wa duwatsun garinsu suna, so yake ya samu takardar jagora irin ta makarantar jagororin tsauni ta Tabant a kwarin Ait Bougmez, ya buɗe tasa hanyar ya sa mata suna da yarensu. A raina nace wannan shi ne mai hankalin cikinmu.

Na sake komawa bayan wasu shekaru, na tarar an fasa hanya, mota tana shiga har ƙauyen. A masauki naji wasu baƙi suna ta jimami wai an ɓata wajen, da can yafi daɗi da shiru. Raina ya ɓaci gaskiya. Kai ka zo sati biyu ka koma inda asibiti yake bayan gidanka, kana so matar wani ta ci gaba da naƙuda a bayan alfadari dan hotonka yayi kyau? Amma kuma da na zauna da kawu sai naga shi ma hanyar ta taɓa shi ta wani gefen, dakon da yake yi daga Zawiya ya ragu sosai, yace alfadarin yanzu ci kawai yake. Bai ce a mayar da hanyar ba, bai kuma yabe ta ba, ya dai zuba min shayi.

To abokina mai bidiyon Kufena, kaga inda maganar take. Duwatsu kam muna da su, Kufena, Kwatarkwashi, Zuma, dutsen Wase, ga na Dutse da Birnin Kudu. Yawancin namu ma irin dutsen da ake fasawa ayi kwankare ne, mai ƙarfi da sulɓi, ba kamar dutsen Taghia mai ramuka da kaifi ba, hawansa salo ne daban, da tafin ƙafa da bin tsaga. Injin huda da ƙusa 100 kuma duk mai kuɗi zai iya oda. Amma wa zai zauna shan shayin kwana biyun? Gonar wa za a ratsa, me mutanen gindin dutsen suka yarda da shi game da wajen, dan wasu duwatsun namu suna da tarihi da abubuwan da ba a wasa da su, ga masu fasa dutse da abincinsu yake nan. Sannan ga abinda duk muka sani. A Mali akwai Hombori, inda dutse mafi tsawo a ƙasar yake, mita 1,155, kusa da shi ga wasu dogayen yatsun dutse da ake kira Hannun Fatima, masu hawa daga Turai sun yi shekaru suna zuwa, mutanen wajen sun koyi jagora sun buɗe masaukai. A Nuwamban 2011 aka sace Faransawa 2 a garin, 2012 yaƙi ya ɓarke a arewa, shikenan ƙafa ta ɗauke. Ƙusoshin suna nan a jikin dutse ba mai maƙala igiya. Yanzu fisabilillahi wa zan ce wa ya zo mu kwana a gindin Kwatarkwashi?

Ni in da za a bi tawa, da yaran gari za a fara, ƙananan duwatsu na kusa da gari, igiya biyu da ɗamara biyar da mutum ɗaya da ya san aikin da gaske, ba wanda ya koya a YouTube ba, ana zuwa duk Asabar har a samu waɗanda za su riƙe abin. Baƙi in sun zo daga baya su tarar da masu gida.

A zuwan nan na biyu na roƙi saurayin, wanda yanzu magidanci ne da 'ya'ya biyu, ya raka ni gindin katangar. Muka bi gadar itacen nan, tsoron bai ragu ba ko kaɗan. Ya nuna min sama yace ga taka can, mutane suna ta amfani da ita. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage, na jawo da kyamarar waya iya jawowa, ni dai ban ga komai ba sai jan dutse da wata akuya a tsaye a inda ban san ta yaya ta hau ba. Yace in ɗaura ɗamara mu je in gani da idona, nace a'a, na yarda da kai.